Damagaram, Adar ko Abzin: ina ɗan Maraɗi zai je hawan dutse a kaka?

Mu ƴan Maraɗi ba mu da dutse. In ka cire gangaren nan mai sauka Gulbi, wanda iyayenmu suka hauro bayan ambaliyar 1945 aka sake yanka gari a kan tudu, ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. Yaro sai ya girma har ya yi gemu bai taɓa hawa abin da ya wuce bene ba. Shi ya sa duk shekara, idan aka ɗaure damman hatsi iska ta fara juyawa, maganar takan taso a fadarmu wajen shayi na biyu: mu haɗa kuɗi, mu fita Juma'a, mu hau dutse, mu kwana a fili, mu dawo Lahadi. Gardamar kuma ba ta canzawa. Wani ya ce Damagaram, wani ya ce Adar, sai mai dogon buri ya ajiye kofi ya ce in ba Abzin ba a bar zancen. Biyun farko na taka su da ƙafata. Abzin kuwa aiki ya taɓa kai ni Agadas, na ga abin da hanyar ke ci.

Kafin a yi maganar dutse, a yi lissafin awoyi, domin a nan yawancin shirye-shiryenmu ke mutuwa. Ma'aikaci ya tashi aiki Juma'a da rana, a sauko masallaci, a ci abinci, a ɗaure kaya a mota, ƙarfe uku ta yi ko da ba a jira kowa ba, kuma kullum akwai wanda ake jira. Ranar Lahadi kowa na so magariba ta riske shi a gida, don tafiyar dare a hanyoyinmu yanzu ba ta mai hankali ba ce. Daga uku na Juma'a zuwa shida na yammacin Lahadi awa 51 ke nan. Cire barcin dare biyu, cire salla da girki da shayi. Abin da ya rage shi za a raba tsakanin kujerar mota da tafin ƙafa, kuma duk awar da mota ta ci, dutse ya rasa ta.

Kakar ma ba ɗaya ba ce. Farkon Oktoba rana na nan da ƙarfinta, zafi na wuce digiri 35 da tsakar rana, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sauro na kan ganiyarsa, asibitoci cike da masu zazzaɓi. Idan kuma aka yi jinkiri har tsakiyar Disamba, hazo ya sauko, sai ka sha wahalar hawa ka isa ƙololuwa ka ga fari fat, ko garin da ka baro ba ka hange. Lokacin da ya dace yana tsakanin ƙarshen Oktoba da ƙarshen Nuwamba: sama tas, dare da ɗan sanyi mai daɗin bargo, koramu sun ƙafe. In da hali a duba kwanan wata a zaɓi makon da wata ke 13 zuwa 15. Kwanan fili a farin wata da kwanan fili a duhu, bambancinsu ya fi bambancin wuraren da kansu.

Damagaram ita ce mai sauƙi. Kusan kilomita 240 ne daga Maraɗi, kwalta tun daga ƙofar gari, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita. Bas-bas na zuwa kullum, saboda haka ko ba ku da mota tafiya ba ta fasu ba. A Tasawa a tsaya a sayi kilishi, wannan ba shawara ba ce, wajibi ne. Gaba kaɗan akwai Maijirgi, inda kaburburan sojojin Faransa nan biyu suke, Voulet da Chanoine, waɗanda suka ƙona garuruwa tun daga yamma kafin nasu sojojin su harbe su a 1899. Mai son tarihi zai so tsayawa, amma in kun tashi ƙarfe uku ku bar shi sai dawowa, domin ko ba tsayawa da ƙyar za ku shiga Damagaram kafin duhu. Daren farko dai a cikin gari za a yi shi, a gidan ɗan'uwa ko masauki, ba a fili ba.

Duwatsun Damagaram ba tsaunuka ba ne, kada kowa ya ruɗe ku. Manyan curi-curin dutse ne masu sulɓi, wani kan wani, kamar an tara ƙwai na wata irin halitta an manta. Suna cikin garin kansa, a Birni har gidaje na jingina da su, suna kuma warwatse a bayan gari ta kowace fuska. Hawansu minti ashirin ne zuwa awa ɗaya, ba yini ba. Amma suna da daɗin takawa: takalmin roba na kama su sosai, babu tsakuwa mai zamewa, kuma akwai inuwa a tsakaninsu duk inda rana ta juya. Abin da ake yi shi ne a hau ɗaya da sassafe, a sauko a ratsa gonaki zuwa na gaba, a haɗa uku ko huɗu kafin azahar. Tafiyar ta fi zama yawo tsakanin duwatsu fiye da hawan dutse.

Abin da Damagaram ta fi kowa shi ne garin. Idan ƙafa ta gaji akwai abin kallo. Fadar Sarkin Damagaram na nan tun zamanin Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884 ya kewaye Birni da ganuwa. Akwai gidajen ƙasa masu zanen bango, akwai gidan da Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth ya sauka a ƙarshen 1852, akwai Zango da tsofaffin gidajen fatake. Garin ne hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma gine-ginen lokacin ba su ɓace duka ba. Gargaɗi ɗaya: tsohuwar ganuwar Faransawa da ke kan dutse barikin soja ce, kada wani ya ɗaga waya ya nufe ta da sunan hoto. Ranar Lahadi kuma kasuwar Mirya ke ci, kilomita 18 kacal gabas da gari, ga tukwanen ƙasa, ga rake, ga kayan lambu. A yi ta da safe a kamo hanya kafin ƙarfe ɗaya.

Daren Asabar ɗin da muka yi a can, a kan wani faffaɗan dutse muka shimfiɗa tabarmi, bayan wani ƙauye da ke kan hanyar Mirya, da izinin maigari. Ba wanda ya gaya mana cewa dutse na riƙe zafin rana. Har wajen sha biyun dare muna juyi kamar masa a tanda, bayanmu na gasuwa, fuskarmu na shan iska. Ƙanena ya cire riga ya jiƙa ta da ruwan sha, aka yi masa ca. Can wajen ƙarfe uku dutsen ya saki zafinsa gaba ɗaya ya koma kamar ƙanƙara, sai ga mutum shida na jan bargo biyu. Da asuba kuwa, da muka idar da salla muka zauna, hasken ya fara taɓa kawunan duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na nan cikin duhu, ana jin sakan mata daga ƙauye, ba wanda ya sake maganar bargo. Darasin dai shi ne a kwana a gindin dutse kan rairayi, a hau shi da asuba.

Aibin Damagaram biyu ne. Na farko ruwa. Garin ya daɗe yana fama da ƙarancinsa, kowa ya sani, kuma nauyi ne ka isa ƙauye ka roƙi jarka daga matar da ta yi tafiyar awa kafin ta samo ta. Ku cika jarkokinku tun daga gida. Na biyu, wanda ya fito don ƙafarsa ta sha wuya zai dawo da saura. Tuddan gaske na yankin suna can gaba wajen Gure, Muniyo da Kutus, sama da kilomita 150 bayan Damagaram, kuma wannan ya fitar da su daga lissafin awa 51.

Adar wata duniya ce. Hanyarta yamma take bi, ta Tibirin Gobir da Gidan Rumji zuwa Madawa, kusan kilomita 160. Wanda ya tashi ƙarfe uku zai yi magariba a Madawa, kuma ya kamata ya yi, saboda yankin Gidan Rumji ya sha fama da ƴan bindiga masu ƙetarowa daga iyaka, ba wurin da za a bari dare ya yi wa mutum ba ne. A kwana Madawa, a sayi tabarmar kaba in ba a zo da ita ba tunda garinta ne, da asuba a yi arewa zuwa Buza, tafiyar kusan kilomita 50. Daga nan ƙasa ke fara tashi. Wanda ke da lokaci da mota mai ƙarfi zai iya zarcewa Keita, amma ga Asabar ɗaya kewayen Buza ya isa har ya yi yawa.

Tsaunukan Adar ba su da tsini. Kawunansu a shafe suke kamar teburi, gefensu a tsaye, tsakaninsu kwaruruka masu faɗi inda gonaki da garuruwa suke, irin su Magiya da kwarin Keita. Tsawonsu bai kai rabin na Bagzan, babban tsaunin Abzin, ba, amma hawan na gaske ne: gangare mai tsakuwa da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, sai wani ɗan bango na jan dutse daf da sama wanda sai an sa hannu, sai kuma ka ɓullo kan fako, baƙin dutse shimfiɗe iya ganinka, ba itace sai ƴan geza da sabara. A nan mutum zai yi tafiyar awa biyar ko shida yana bin bakin tsauni, kwari na buɗewa a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma abin da ake hangowa daga sama ba kyau kawai ba ne, aikin hannun mutane ne. Layukan dogon yaro da suka ratsa kwarin Magiya bi-da-bi, tun 1975 aka fara dasa su da taimakon ƙungiyar CARE don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A gefen tsaunuka kuma za ka ga jerin duwatsu da ramuka masu siffar rabin wata, an tsara su kamar zanen hula. Irin aikin da ya yi suna ke nan a Keita tun daga 1984, shekarar babban fari, lokacin da Italiya ta ba da kuɗi, FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta riƙe aikin, mata kuma suka ɗauki yawancin duwatsun a ka ana biyansu da abinci, domin mazan sun tafi cirani. Daga ƙasa ba ka gane girman abin. Sai ka hau sama ka ga tsauni guda an ɗinke shi da hannu.

Mun isa wani ƙauye a gindin tsauni da hantsi, muka nemi gidan maigari. Dattijo ne, yana zaune kan buzu a zaure yana gyaran igiya. Bayan gaisuwa ta yi tsawo yadda ya kamata, babbanmu ya ajiye goro da sukari da ganyen shayi, ya faɗi abin da ya kawo mu. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi takalmanmu.

"Samari, mi kunka zo nema bisa dutsi?"

"Ranka ya daɗe, kallo kawai."

"Kallo." Ya yi shiru. "Daga Maraɗi, da man mota, don kallo."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya ce hawa dai mu hau, ga jikansa zai raka mu, amma kwana a bisa ba da yawunsa ba. "Nan gindin bedi za ku kwana, kusa ga masallaci. In wani abu ya same ku bisa, ni za a tambaya." Ɗaya daga cikinmu ya so ya yi gardama, babbanmu ya taka masa ƙafa. Daga baya muka gane gaskiyar tsohon. A zamanin nan baƙi shida da jakunkuna, a kan tsauni, da wuta cikin dare, ba wanda zai hango su daga ƙauyen gaba ya ce masu yawon buɗe ido ne.

Jikan nan bai wuce shekara sha biyu ba, da silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya, amma ko sau ɗaya ba mu riga shi kaiwa ko'ina ba. A tsakiyar gangare, inda ƙasa ta yi fari, ya tsuguna ya tono wani abu ya miƙo mini: katantanwa ce cak, da murɗinta da komai, sai dai dutse ce. Ya ce suna da yawa, da su suke wasa. Malamin lakwal da ke cikinmu ya zauna nan a rana ya yi mana darasi, cewa shekaru miliyoyi da suka wuce teku ne ya rufe wurin nan, kuma irin wannan farin dutsen ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti. Yaron ya saurara da ladabi, amma a fuskarsa ka san bai sayi maganar tekun ba.

Kuskurenmu ruwa ne. Lita bibbiyu muka ɗauka, muka bar jarkoki a mota, muna cewa ai kaka ce. Kan fakon nan babu inuwa ko ta tsuntsu, baƙin dutse na mayar da zafi sama, iska busasshiya na tsotse jiki ba tare da ka ga gumi ba. Kafin azahar gorunan sun koma fanko. Yaron ne ya karkata da mu ta wani kwazazzabo da ba za mu taɓa ganinsa da kanmu ba, muka sauka kan wani lambu inda ake ban ruwan irin albasa. Mai lambun bai tambaye mu komai ba, ya miƙo guga. Tun daga ranar ƙa'idata lita biyar ga kowane mutum in za a yini a sama, kuma a fara hawa da an idar da sallar asuba, ba da hantsi ba kamar yadda muka yi. Takalmi ma haka: tsakuwar Adar kaifi gare ta, ta raba tafin takalmin mutum biyu a cikinmu kafin la'asar. Abin da ya yi maka Damagaram lafiya lau, a nan yini ɗaya zai yi.

To in aka ɗora su a sikeli fa? Ta fuskar hanya kusan kunnen doki ne, sai dai Damagaram bas ya ishe ka, ka ƙarasa da kabu-kabu, Adar kuwa daga Madawa zuwa gaba in ba motarku sai jiran motocin kasuwa, kuma jiran nan na iya cinye rabin Asabar. Ta fuskar kuɗi, Damagaram na cin na masauki da abincin gari da ƴan tsarabe-tsarabe, Adar na cin na mai da gyaran taya, sauran kuwa goro ne da abin da za a ba ɗan rakiya. Ta fuskar lafiya, Damagaram na da babban asibitin ƙasa a cikin gari, rabin awa daga duk dutsen da za ku hau. A Adar akwai asibitoci a Buza da Madawa da Keita, babba sai Tawa, kuma daga kan tsauni zuwa inda mota take kaɗai tafiya ce. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da kububuwa ke kwana ƙarƙashin duwatsu. Ƴar ƙarama ce, launin ƙasa, tana goga jikinta ta yi wani sauti kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi, kuma dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, ba a tsotsa, a ɗauke shi a nufi asibiti. Saboda haka in a cikinku akwai yara, ko mata da ba su saba doguwar tafiyar ƙasa ba, ko dattijo mai hawan jini, ko kuma duk wannan ne fitarku ta farko, ku tafi Damagaram, ba kunya a ciki. In kuwa majiya ƙarfi ne huɗu zuwa shida, da mota mai tsayin ƙafa, da wani da ya san wani a can, Adar ta fi nesa ba kusa ba. Ni can zuciyata take.

Saura Abzin, abin son kowa. Ba mai musun cewa can ne tsaunukan ƙasar nan suke. Bagzan na can, da ƙololuwarsa Idukal-n-Tages mai mita 2,022, wadda ba ta da na biyu a Nijar, kuma a bisansa akwai ƙauyuka da lambuna da ake hawa da ƙafa da jakai daga wajen Tabelot. Akwai Timiya, sama da kilomita 200 arewa da Agadas, da magangarar ruwanta da lambunan lemo da rumman. Agadas kanta, da hasumiyar masallacinta ta ƙasa mai mita 27, ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Amma daga Maraɗi kusan kilomita 700 ne, ko ka bi ta Damagaram da Tanut ko ka zaga ta Tawa da Abalak, kuma duk wanda ya bi hanyoyin nan ya san ba a auna su da kilomita, da awoyi ake auna su. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, ka isa Agadas ke nan, ba ka ga gindin dutse ba tukuna. Daga nan sai mota mai ƙafa huɗu, sai jagora ɗan ƙasa, sai sanar da hukuma, wani lokaci har da rakiya. Abzin tafiyar mako guda ce zuwa kwana goma, da kuɗin da aka tara tun bara. Wanda ya matsa ta cikin Asabar da Lahadi zai dawo da ciwon baya da hoton hasumiya. A kaka ma su Abzinawan kudu suke yowa da gishirin Bilma da dabino su sayi hatsi, sai ku yi saɓani a hanya.

Akwai masu kawo Jos, kuma ba su yi ƙarya ba: gari ne a kan tudu mai kusan mita 1,200, da tsaunukan Shere da suka haura mita 1,800, da sanyin da ba mu da irinsa. Sai dai hanyar ta Dan Isa da Jibiya da Katsina da Kano ce, da iyaka, da shingaye, da canjin kuɗi, da dazuzzukan da ba a shiga da yamma. Matsalarta ɗaya da ta Abzin. Dogon Dutsi kuma, mai dutsen da ya ba gari suna, kusa da Lugu ta Sarauniya Mangu, kusan kilomita 400 ne, kuma labarin tsaron yankin a shekarun nan bai ba ni ƙarfin gwiwar tura kowa kwanan fili can ba.

Duk inda aka zaɓa, kayan kwana ɗaya ne, kuma a nan ma muna da gardama. Masu son tanti na son shi ne don hoto. A kaka ba ruwan sama, tanti kuwa zafi yake tarawa farkon dare. Tabarma, gidan sauro da bargo sun fi shi, sun fi arha, kowa na da su a gida. A ɗaura gidan sauron tsakanin mota da itace, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko'ina, ba don sauro kaɗai ba, har da kunama. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa. Wando mai kauri ya fi yadi mai laushi, saboda ƙarangiya a wannan lokaci ta bushe ta yi ƙaya, in ta kama bakin wando sai ka yi rabin awa kana cira, ta bar wandon ta koma yatsu. Abinci kada a wahalar da kai: garin rogo da ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, tukuɗi ga wanda ya iya haɗa shi, shinkafa da wake na dare ɗaya. Wuta kuwa a tsaya ga gawayi a murhun shayi, a kashe shi da ruwa ba da ƙasa ba. Ciyawar kaka kamar fetur take, kuma gobarar daji ɗaya na iya cinye abincin dabbobin gari guda na shekara.

Abu na ƙarshe da ɗan birni ke mantawa: an cire gero ba ya nufin an saki gonaki. Wake da dawa na nan a tsaye har Nuwamba, makiyaya na gangarowa daga arewa suna jiran ranar da hukuma za ta ba da izinin shiga, manoma na kwana da ido ɗaya. Lokaci ne da kowa ke kallon baƙo sau biyu. A bi turba, kada a ratsa gona don gajerta hanya, a gaida duk wanda aka tarar tun daga nesa. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, takardun mota su cika, kuma in akwai jandarmomi a garin da za a bar kwalta, a leƙa a gaya musu inda za a kwana. Ranar Alhamis kafin tashi a kira wani mazaunin can a ji yadda gari ya kwana. In ya ce a dakata, a dakata.

Bana fadarmu ta tsayar da Adar, makon farin wata na Nuwamba, mutum biyar. An wanke jarkoki uku masu lita 25, malamin lakwal ya ɗauki nauyin tayar ko-ta-kwana ta biyu, ni kuma an ɗora mini neman wani ɗan ƙauyen nan da ke sayar da albasa a kasuwa, ya kai wa maigari saƙo tun da wuri. Ƙanena ya ce shi zai saya wa jikan maigarin silifas, sai dai ba mu san ko ƙafarsa ta ƙara girma ba, don haka zai ɗauki lamba biyu.